Daga Ruwan Teku Zuwa Tukunya: Tarihi da Nahawun Kalmar Tsima Nama a Harsunan da Latin Ya Haifa





 Maudu'inmu na yau kalma ɗaya ce tak, kuma kalmar kicin ce. Mutumin Italiya yana ce mata *marinare*, na Sifaniya da na Fotugal da na Kataloniya suna cewa *marinar*, Bafaranshe yana cewa *mariner*, mutumin Romaniya kuma *a marina*. Ma'anarta a duk waɗannan ƙasashe ɗaya ce: a tsima nama ko kifi a ruwan gishiri ko ruwan tsami tare da kayan ƙamshi, a bar shi ya ɗauki lokaci kafin a dafa ko a ci.

Idan muka tarar da kalma ɗaya a harsuna shida, me hakan yake nunawa? Amsa ba ta wuce uku. Ko dai gado ne, wato duk sun same ta daga uwa ɗaya. Ko aro ne, wani ya karɓa daga wani. Ko kuwa katari ne kawai aka yi. Aikin mai nazarin harshe shi ne ya rarrabe ukun nan. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne cewa kamannin kalma shi kaɗai ba ya isa shaida. Shaidar tana cikin nahawu da ƙa'idojin sauyin sauti, kuma wannan kalma ta tara misalan duka ukun.

Gidan da harsunan suka fito

Latin shi ne harshen birnin Rum da kewayensa. Da daular Rumawa ta faɗaɗa, sai sojoji da fatake da ma'aikatan mulki suka kai shi Sifaniya da Faransa ta yau da Arewacin Afirka, har zuwa Dasiya, ƙasar da sarki Tarajan ya ci da yaƙi a shekarar 106, wadda ita ce Romaniya a yau. Latin ɗin da waɗannan mutane suke yi a kasuwa da bariki ya bambanta da na littattafan marubuta irin su Sisero, kuma daga na bakin talakawa ne harsunan da muke magana a kansu suka tsiro.

Bayan faɗuwar ɓangaren yamma na daular a shekarar 476, zirga-zirga ta ragu, kowane yanki ya ci gaba da sauya lafazinsa. Kafin shekarar 813 tazarar ta yi nisa, har taron limaman coci da aka yi a birnin Tours ya umarci a riƙa yin wa'azi da harshen talakawa, domin ba su fahimtar Latin ɗin littafi. A shekarar 842 aka rubuta rantsuwar Strasbourg, wadda ake ɗauka rubutu mafi tsufa a harshen da ya zama Faransanci. Wanda ya fara kwatanta waɗannan harsuna a kimiyyance shi ne Bajamushe Friedrich Diez, wanda kundin farko na nahawunsa ya fito a 1836. Hanyar da ya shimfiɗa za mu bi.

Saiwar kalmar: teku

Teku a Latin shi ne *mare*. Daga gare ta aka gina sifa *marinus*, wato "na teku", kamar a *aqua marina*, ruwan teku. Kalmar *mare* gado ce tsantsa: Italiyanci *mare*, Sifaniyanci da Fotugisanci *mar*, Faransanci *mer*, Romaniyanci *mare*. Tun daga nan nahawu ya fara magana. Latin yana da jinsi uku, namiji da tamace da wanda ba ko ɗaya ba, kuma *mare* tana cikin na ukun. Da jinsi na uku ya ruguje a yammacin daular, dole kowane harshe ya zaɓa mata gida. Italiyanci da Fotugisanci suka mayar da ita namiji, *il mare* da *o mar*. Faransanci ya mayar da ita tamace, *la mer*, haka ma Romaniyanci. Sifaniyanci ya riƙe duka biyun: mutanen tudu suna cewa *el mar*, masunta da matuƙan jirgi kuwa sun fi cewa *la mar*.

To amma ga inda ya kamata ɗalibi ya yi hattara. Aikatau *marinare* babu shi a Latin ɗin zamanin daula. Ba don Rumawa ba su san aikin ba. Sun san shi sarai. Har yau ana ganin ramukan gishirta kifi da suka bari a Baelo Claudia da ke kudancin Sifaniya, da Lixus da ke Maroko, inda a da ake haɗa miyar kifin nan mai suna *garum* ana kai ta ko'ina a Bahar Rum. Sai dai kalmominsu daban ne. Ruwan gishirin adana abinci suna ce masa *muria*, sa wa abinci kayan haɗi ko adana shi kuma *condire*. Daga haɗuwar *sal*, gishiri, da *muria* aka samu *salamoia* a Italiyanci, *saumure* a Faransanci, *salmuera* a Sifaniyanci, *salmoura* a Fotugisanci. Ku lura da yadda waɗannan huɗun suka yi nisa da juna a sura. Haka tsohuwar kalma take: kowane harshe ya daɗe yana tauna ta.

*Marinare* da 'yan uwanta kuwa sun yi kama da juna fiye da kima, kuma wannan kansa alama ce ta ƙuruciya. An ƙirƙire ta ne ƙarnuka da yawa bayan rabuwar harsunan, ta bazu ta hanyar jiragen ruwa da kasuwannin kifi da littattafan girki. A zamanin da La Varenne ya buga shahararren littafin girkinsa, *Le Cuisinier françois*, a 1651, ta riga ta zauna a kicin ɗin Faransa. Romaniyanci ne ya fi bayyana lamarin: ya gaji *mare* daga Latin kai tsaye, amma *a marina* aro ya yi daga Faransanci, cikin ɗimbin kalmomin da ya kwaso daga can a ƙarni na 19. Saiwa ɗaya, ta shigo harshe ɗaya ta ƙofa biyu.

Asalin manufar aikin adanawa ce. Kafin firji, kifin da aka kama yau ba ya kaiwa jibi sai da gishiri ko khal. Da firji ya zo, buƙatar ta ragu, sai ma'anar ta karkata zuwa ɗanɗano da taushin nama. Kalmar ta riƙe sunan teku, ko da yake mai girki a yau lemun tsami da tafarnuwa da mai take zubawa.

Yadda aka gina aikatau

Aikatan Latin azuzuwa huɗu ne, ana gane su ta ƙarshensu. Ajin farko yana ƙarewa da *-are*, kamar *cantare*, rera waƙa. Wannan ɗafa-ƙeya ta zauna *-are* a Italiyanci, ta zama *-ar* a Sifaniyanci da Fotugisanci da Katalanci, *-er* a Faransanci, *-a* a Romaniyanci. Shi ne ajin da har yau ƙofarsa take buɗe. Kusan duk sabon aikatau nan yake shiga: danna linzamin kwamfuta ya zama *cliquer* a Faransanci, *cliccare* a Italiyanci, hira ta intanet ta zama *chatear* a Sifaniyanci. Saboda haka da aka so mayar da sifar "na teku" aikatau, ba a yi wata wahala ba, aka ɗauki *marin-* aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar gida. Mu ma muna da irin wannan dabara, inda muke samun "gajarta" daga "gajere", "tsorata" daga "tsoro", "hukunta" daga "hukunci".

Wannan shi ya sa kalmar take ruɗin mai kallo. Jikinta sabo ne, amma duk ɗafe-ɗafen da take ɗauka tsofaffi ne, gadon Latin. Bari mu ji ta a lokaci mai ci. Italiyanci: *marino, marini, marina, mariniamo, marinate, marinano*. Sifaniyanci: *marino, marinas, marina, marinamos, marináis, marinan*. Wato ni, kai, shi, mu, ku, su. Kowane mutum da ƙarshensa, don haka waɗannan harsuna biyu ba sa buƙatar wakilin suna. *Marino* kaɗai ta isa jimla. A Faransanci ana rubuta *marine, marines, marine, marinons, marinez, marinent*, amma huɗu daga cikin shidan lafazinsu ɗaya ne, domin ƙarshen ya daina fita a baki. Shi ya sa wakilin suna ya zama tilas: *je marine, tu marines, il marine*. Abin da ya ɓace a ƙeya, sai aka biya shi a goshi. A nan Faransanci ya matso kusa da tsarin Hausa, inda aikatau ba ya nuna mai aiki, lamirin da ke gabansa ne yake nunawa: na tsima, ka tsima, ta tsima.

Abubuwa biyu ƙanana kafin mu wuce. A Sifaniyanci wurin da aka danna murya yana sauya ma'ana: *marino*, da nauyi a gaɓar tsakiya, "ina tsimawa", *marinó*, da nauyi a ƙarshe, "ya tsima". Su suna sa alama a rubutu, mu kuwa karin sautinmu mun bar wa mai karatu ya gane daga jimla. Na biyu, Romaniyanci yana cusa *-ez* a yawancin sababbin aikatansa, sai a ce *marinez*, "ina tsimawa". Ya kuma yanke *-re* daga ƙarshen aikatau, ya mayar da doguwar surar suna. Don haka *marinare* a Rum aikatau ce, a Bukares kuwa sunan aikin ne, wato "tsimawa".

Harafi ɗaya da ya raba gabas da yamma

Yanzu mu zo kan shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Hausa tana gina sifa daga aikatau: tsimamme, tsimammiya, tsimammu. Latin yana yin haka da *-atus* ga namiji, *-ata* ga tamace. Ga yadda 'ya'yansa suka yi da ita: Italiyanci *marinato, marinata*, Romaniyanci *marinat, marinată*, Sifaniyanci da Fotugisanci *marinado, marinada*, Faransanci *mariné, marinée*.

Ku dubi baƙin *t*. A Italiya da Romaniya ya zauna daram. A Sifaniya da Fotugal ya yi laushi ya zama *d*. A Faransa ya narke gaba ɗaya. Wannan ba a kalmarmu kaɗai ya faru ba. Ƙa'ida ce da ta shafi *t* ɗin da ya faɗo tsakanin wasula biyu. Rayuwa a Latin *vita* ce: Italiyanci *vita*, Sifaniyanci *vida*, Faransanci *vie*. Ƙafar keke *rota* ce: *ruota, rueda, roue*, Romaniyanci kuma *roată*. Masana, musamman Walther von Wartburg, sun ja layi a taswirar Italiya daga garin La Spezia zuwa Rimini. Arewa da yammacin layin baƙaƙen nan suna laushi, kudu da gabashinsa suna tsayawa. Layin nan ne kuma ya raba hanyar gina jam'i: gabas tana sauya wasali, *marinati* da *marinate*, yamma tana ƙara *s*, *marinados* da *marinadas*.

Sifar tana bin jinsi da adadin abin da aka tsima. Kifi namiji ne a waɗannan harsuna, nama kuwa tamace, don haka *pesce marinato* amma *carne marinata*, *poisson mariné* amma *viande marinée*. Bambancinsu da Hausa shi ne su suna riƙe jinsi har a jam'i, mu kuwa da an shiga jam'i jinsi ya faɗi, kowa "tsimammu" ne. Ɗalibanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram sun san azabar wannan a darasin shifta, domin *mariner, marinez, mariné, marinée, marinés, marinées* duk sauti ɗaya ne a kunne. Nahawu kaɗai ke gaya wa mai rubutu wadda zai zaɓa.

Amfanin sanin ƙa'ida shi ne tana tona asirin baƙo. Ruwan haɗin da ake tsima naman a ciki sunansa *marinata* a Italiyanci, *marinada* a Sifaniyanci da Fotugisanci. Duk sun bi ƙa'ida. Bisa ƙa'idar, Faransanci ya kamata ya ƙare da *-ée*, kamar yadda *armada* da *armata* suke *armée* a wurinsa, *jornada* da *giornata* suke *journée*. Amma abin da ake cewa shi ne *marinade*. Daga ina *d* ta fito a harshen da ya narkar da ita tun tuni? Amsar ita ce ɗafa-ƙeyar *-ade* baƙuwa ce a Faransanci. Daga harsunan kudu ta shigo, cikin kalmomi irin su *salade* da *marmelade*, ta ƙarshen daga Fotugisanci *marmelada*, har Faransawa suka saba da ita suka riƙa gina sababbin kalmomi da ita. Harafi ɗaya ya ba mu labarin da babu wanda ya zauna ya rubuta.

Jiya da gobe

Hanyar da waɗannan harsuna suke nuna lokaci tana da darasi. Latin yana da aikatau *habere*, mallaka. Talakawa sukan ce, a misali, "ina da wasiƙa rubutacciya", da nufin sun riga sun rubuta ta. A hankali wannan ya zama shuɗaɗɗen lokaci: *ho marinato, he marinado, j'ai mariné, am marinat*, duk "na tsima". Tunda asali sifa ce, tana bin jinsin karɓau. Sifaniyanci da Romaniyanci sun watsar da wannan bi. Italiyanci yana riƙe da shi idan wakilin suna ya gabata, *l'ho marinata*, "na tsima ta". Faransanci ya mayar da shi doka: idan karɓau ya zo bayan aikatau babu bi, *j'ai mariné la viande*, idan ya zo kafinsa akwai, *je l'ai marinée*. Ana danganta tsara wannan doka ga mawaƙin fadar Faransa Clément Marot a 1538, wanda ya yi koyi da Italiyanci. Yau kusan shekara 500 ke nan yara suna shan jan biro a kanta.

Lokaci mai zuwa ma daga *habere* aka gina shi, sai dai a nan ya koma baya ya manne. A Faransanci "ina da" shi ne *ai*, "kana da" *as*, "yana da" *a*; ku liƙa su a bayan *mariner* ku ji: *marinerai, marineras, marinera*. Haka Sifaniyanci *marinaré*, Italiyanci *marinerò*. Asalin ma'anar ita ce "ina da tsimawa a gabana". Wanda yake shakka ya dubi Fotugisancin rubutu, inda har yau ake iya cusa wakilin suna tsakanin ɓangarorin biyu, a ce *mariná-lo-ei*, "zan tsima shi". Ɗinkin bai gama haɗewa ba. Romaniyanci bai bi su ba, ya ɗauki aikatau na "so" ya ce *voi marina*.

Akwai kuma hanyar "tafiya". Bafaranshe yana cewa *je vais mariner*, mutumin Sifaniya *voy a marinar*, wato "zan tsima", kamar yadda "za" ɗinmu ta lokaci mai zuwa take da alaƙa da "za ni kasuwa". Amma a Basalona idan mutum ya ce *vaig marinar*, da wannan aikatau na tafiya, nufinsa "na tsima", aikin ya wuce. Kayan gini ɗaya, maƙwabta biyu, ɗaya ya fuskanci gobe ɗaya ya fuskanci jiya.

Wa yake yin aikin?

Tsima nama aiki ne da mai girki take farawa, lokaci ya ƙarasa. Nahawu ya lura da haka. A Faransanci *mariner* tana iya zama so-karɓau, tana iya zama ƙi-karɓau ba tare da ta sauya sura ba: mai girki *marine* nama, nama ma *marine* a cikin kwano. Saboda haka littattafan girki sun fi son su ce *faire mariner* ko *laisser mariner*, wato "sa ya tsimu" ko "bari ya tsimu". Italiyanci yana da *far marinare* da *lasciar marinare*, Sifaniyanci *dejar marinar*. A nan dokar bin jinsi da muka ambata tana tsayawa: *fait* ba ya sauyawa idan wani aikatau ya biyo shi, *la viande que j'ai fait mariner*, kuma gyaran rubutu na 1990 ya ba da shawarar a yi wa *laissé* haka.

Hausa ta warware wannan da wasali ɗaya. Na tsima nama, nama ya tsimu. Na jiƙa gero, gero ya jiƙu. Abin da Faransanci yake buƙatar aikatau biyu ya faɗa, mu sauya ƙarshen aikatau ya ishe mu. Wannan shi ne tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya bayyana a 1960. Haka kuma mai koyar da girki da Hausa takan ce "a yanka, a wanke, a tsima", ba ta ambaci kowa ba. Sifaniyanci yana yin wannan da ƙaramar kalmar *se*, a ce *se marina la carne*, ko kuma a bar aikatau a surarsa ta ƙamus, a rubuta *marinar* kawai a matsayin umarni.

Inda ma'ana ta yi rassa

Daga kicin kalmar ta fita titi, kuma kowane harshe ya kai ta inda ya ga dama. Yaron Italiya da ya gudu daga makaranta, an ce ya yi *marinare la scuola*, ya tsima makaranta; akan fassara shi da cewa ya adana ta sai wata rana. Bafaranshe idan ya bar mutum yana jira cikin zullumi, an ce ya yi *laisser mariner*, ya bar shi ya tsimu. Bahaushe a wannan hali cewa yake yi "ya shanya ni". Mutanen bakin teku jiƙawa suke yi, mutanen da suke adana nama da rana shanyawa suke yi.

Akwai kuma tarko. Ƙamusun Sifaniyanci suna ba *marinar* wata ma'ana ta daban, zuba matuƙa a jirgin ruwa, musamman wanda aka ƙwace daga abokan gaba. Faransanci yana ce wa wannan *amariner*. Haka nan *marinara* ta Italiya, wadda ake gani a sunan fiza da miyar tumatir, ba ta da alaƙa da tsimi. Daga *marinaro* take, matuƙin jirgi, wato girki irin na matuƙa. Duk sun haɗu a teku, amma kowace ta hanyarta ta fito.

Baƙuwa daga Bagadaza

Kalmarmu ba ita kaɗai ce a fagen ba. A Sifaniya da Fotugal akwai *escabeche*, kifi ko nama da aka soya sannan aka tsima a khal. Katalanci yana cewa *escabetx*, Faransanci *escabèche*, mutanen kudancin Italiya *scapece*. Wannan ba ta da saiwa a Latin ko kaɗan. Asalinta *sikbaj* ne, abincin Farisa na nama da khal, wanda ya shahara a fadar Abbasiyawa. Yana cikin littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ na ƙarni na 10, da na al-Bagdadi na shekarar 1226. Ya shiga Andalus, wadda Musulmi suka yi mulki a sassanta daga 711 zuwa 1492, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 14 ya bayyana a littafin girkin Katalanci mai suna *Llibre de Sent Soví*. Daga baya jirage suka tsallaka da shi, har ya zama *escovitch* a Jamaika. Ku lura da abin da Sifaniyanci ya yi da baƙuwar: ya sa mata rigar gida, ya shigar da ita ajin farko, aka samu *escabechar*, kuma tana ɗaukar duk ɗafe-ɗafen da *marinar* take ɗauka.

A nan ne hanyarmu da tasu suka haɗu da gaske. Sifaniyanci da Hausa duk sun yi aro daga Larabci, kuma duk sun haɗiye "al" tare da kalmar. Su suna da *aceite*, mai, daga *az-zait*, mu muna da albasa da alkama. Shugaban gari a Sifaniya *alcalde* ne, daga *al-ƙadi*, inda muka samo alƙali. Kamannin *alcalde* da alƙali ba ya nuna Hausa da Sifaniyanci 'yan uwa ne. Yana nuna sun ci kasuwa ɗaya.

Bayan *marinar* da *escabeche*, kalma ta uku a wannan fage ita ce *adobar*, wadda ta zo daga tsohon Faransanci *adober*, ɗaura wa jarumi kayan yaƙi, asalinta kuma daga harsunan Jamusawa. Daga "shirya jarumi" ta koma "shirya" kowane abu, har nama da fata. Sifaniyawa da suka mallaki Filifin suka tarar da mutanen can suna dafa nama da khal, suka kira shi *adobo*, sunan da ya bi shi har yau. A Fotugisanci kuwa *adubo* ta fi nufin takin gona.

Marinar Ƙofar Mata

Na tabbata tun da na fara magana wasunku suna ta murmushi, domin kalmar "marina" ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. A Kano muna da marinar Ƙofar Mata. Rubutun "marinar" daidai yake da na Sifaniyanci harafi da harafi. Ma'ana ma ta yi kusa: can ana tsoma kifi a ruwan gishiri a jira, nan ana tsoma zane a ruwan baba a jira. Mai gaggawa zai ce ya gano wata tsohuwar alaƙa tsakanin Kano da Madrid.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A yanka kalmomin biyu a ga inda gaɓoɓinsu suke. Ta Sifaniya *mar-in-ar* ce: teku, ɗafin sifa, ɗafin aikatau. Tamu ma-rin-a-r ce: ɗafa-goshin "ma-" mai nuna wurin aiki, saiwar "rin-" ta rina da rini, wasalin ƙarshe, sai "-r" ta nasaba. 'Yan uwanta su ne maƙera da majema da mahauta da masaƙa. A tasu *mar* ita ce zuciyar kalma. A tamu "ma" ɗafi ne, "r" kuma farkon saiwa. Babu gado, babu aro. Sautukan harsunan duniya kaɗan ne, kalmomi kuwa dubbai, don haka dole a riƙa samun irin wannan karo.

Kammalawa

Mun ga gado a *mare* da ɗafe-ɗafen aikatau. Mun ga aro a *a marina* ta Romaniya, da *-ade* ta Faransa, da *escabeche*. Mun ga katari a marinar Kano. Ma'aunan da suka raba mana su uku ne. A yanka kalma zuwa gaɓoɓinta kafin a kwatanta ta da wata. A nemi ƙa'idar sauti da take maimaita kanta a kalmomi da yawa, kamar *t* da *d*. A kuma bincika lokacin da kalmar ta fara bayyana a rubuce. Duk iƙirarin dangantakar harsuna da bai tsallake waɗannan ba, hira ce.

Kirana ga ɗalibai shi ne a kawo wannan hanya gida. Hausa tana da dangi sama da ɗari a rukunin harsunan Cadi, irin su Bolanci da Ngizim da Bade, kuma tun 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka aza harsashin kwatanta su. Kalmomin kicin ɗinmu suna jiran mai bincike: tsima da jiƙa da gasa da turara da banda, da labun da masu kilishi suke tsoma nama a ciki. Ku je wurin iyaye mata da mahauta da masu tsire, ku rubuta yadda suke faɗa da jimlolin da suke sa su, ku duba ƙamusun Bargery na 1934 ku ga abin da ya sauya, sannan ku tambayi masu magana da harsunan maƙwabta. Wanda ya yi wa kalma ɗaya wannan hidima da kyau, ya fi wanda ya jera kalmomi ɗari don sun yi kama a ido.